Hirar Zauren Jidda: In kwamitin haraji ya ƙi kallon rasit ɗinka fa?

Sani: Jama'a barkanmu da dare daga Jidda, yau Anti Rabi ta zo mana da maganar haraji, ni kuwa nace wane haraji kuma a Saudiyya, ai albashi ba a taɓa shi.

Rabi: Albashi kam ba a taɓawa, amma baƙon da ke da hannun jari a kamfani kashi 20 cikin 100 ake karɓa daga ribar kasonsa, ɗan ƙasa kuma zakka yake bayarwa. Toh a ce ZATCA, wato hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, ta yanka maka kuɗin da baka yarda ba, kwana 60 gare ka ka shigar da ƙorafi wajensu, in ba a daidaita ba sai kwamitin sasanta rigingimun haraji.

Malam Bashir: Nan fa ake yin ta. A ce ka kai rasit, ka kai takardar banki, ka kai kwantiragi, hukunci ya fito ko ambatonsu babu, kamar ka zuba ruwa a kwando.

Sani: Shikenan an ci kuɗin mutum kenan Malam?

Malam Bashir: Ina! Akwai kwamitin ɗaukaka ƙara a Riyad, amma kwana 30 ne kacal, kuma abin da suka yanke ya zauna. Kuskuren mutanenmu shi ne su cika takarda da wallahi an zalunce ni, wa zai karanta wannan? Abin da zaka rubuta shi ne rasit mai lamba kaza, na miƙa shi ranar kaza, yana cikin fayil, hukuncin bai ce ya karɓa ba bai ce ya ƙi ba, kuma da an lissafa shi da kuɗin ya ragu da riyal kaza.

Rabi: Wani akawu ɗan Indiya da muka yi aiki tare yace a can ma kusan haka ne, babbar kotu bata sake auna hujja, batun doka kawai take ji, sai dai in ka nuna kotun harajin ta kau da kai daga abin da ke gabanta.

Sani: Ni fa rasitan shagonmu a leda suke, wasu ma da Hausa yaron ya rubuta.

Rabi: Subhanallah Sani, da Larabci ake son littafin lissafi! Gobe bayan la'asar ka kawo min ledar nan mu zazzage ta.