Ramin kebul ba juji ba ne

Jama'a masu sauraro, sau nawa kuka ga an haƙa titi a Jidda ko Makka, an shimfiɗa kebul na lantarki, sannan katafila ta turo ɓaraguzan kwalta da duwatsun da aka tono ta mayar cikin ramin? Abin da ya sa na ɗauki makirufo ke nan yau, domin 'yan uwanmu da yawa suna cikin leburorin wannan aiki.

Kebul mai kilobolt 110 ko 380 da ake binnewa a yankin nan jan ƙarfe ne ko alminiyam, an lulluɓe shi da roba mai kauri, XLPE, wadda aka ƙera don ta jure zafin digiri 90. Wayar da ke kan turke iska ce ke sanyaya ta. Wanda ke ƙasa kuwa, zafinsa ba shi da mafita sai ƙasar da ke kewaye da shi. Busasshiyar ƙasa kuma tana riƙe zafi ninki biyu zuwa uku a kan mai laima, guraben iskar da ke tsakanin ɓaraguzai sun fi ta muni. Da rani, kowane gida ya kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, lodi ya kai ƙarshe, zafin kebul ya kori sauran laimar, robar ta soma tsufa tun lokacinta bai yi ba.

Ɗan kwangila zai ce ƙasa ai ƙasa ce. Haba! To me ya sa takardar aiki ta rubuta tataccen yashi, sau da yawa gauraye da ɗan siminti? A shimfiɗa shi ƙarƙashi, a jera kebul uku da tazarar da injiniya ya ƙayyade, a rufe da shi, a daddaɓe hawa-hawa, a ɗora murafun kankare, a ja ledar gargaɗi, sannan a mayar da ƙasa. Dutse ɗaya mai kaifi ya tsaga rigar waje ta kebul, ruwan gishirin da ke kusa da saman ƙasa a Jidda ya samu ƙofa.

Kuma lahanin ba ya bayyana ranar. Sai bayan shekaru, galibi a mahaɗa, inda aka sada ƙarshen wani kebul da wani. Wayar sama a kan gyara ta cikin awoyi ko kwanaki. Wannan sai an lalubo wurin, a nemo izinin baladiyya, wato hukumar birni, a fasa titi, a kafa tanti mai tsabta saboda ƙura, a kira ƙwararrun masu haɗi. Makonni ke nan.

Don haka mai sa ido, kada ka sa hannu a takarda ba ka ga yashin da idonka ba. Lebura, in an ce tura ɓaraguzai, ka tambaya: ina yashin?