Rami ɗaya, kwafi shida: me ke faruwa da ƙarfen?

Salamu alaikum jama'a. Abin da kuke gani a allo farantin ƙarfe ne mai da'ira, irin wanda ake ɗaure bututun injin ban-ruwa da shi a fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Kaurinsa milimita 10. Na huda rami ɗaya mai faɗin milimita 12, na ce wa manhajar zanen kayan injiniya a kwamfuta (CAD) ta zagaya da shi sau 6. Ga su nan sun fito, digiri 60 tsakanin kowane biyu.

To, me ta kwafa? Yawancin masu koyo suna ɗauka siffar ramin ta ɗauka ta manna a wurare shida. Sau da yawa umarnin ta kwafa. Tana zuwa kowane wuri ta sake aikin hudar daga farko, a kan ƙarfen da ta tarar a wurin.

A faranti mai kauri ɗaya ba za ku ga bambanci ba. Ku duba nauyi kawai. Ƙarfe yana da kusan giram 7.85 a kowace santimita kubik, don haka kowane rami ya cire kusan giram 9, shidan kuma kusan giram 53. Jikin, wato dunƙulen ƙarfen da ke cikin zanen, yana nan guda ɗaya.

Yanzu bari in sauya farantin: gefe ɗaya milimita 10, ɗaya gefen 20. Ramin farko na ce masa ya huda har ya ɓulla. Ka tuna da mai haƙa rijiya. In ka ce masa “haƙa sai ka ga ruwa”, zurfin da zai yi a fadama daban, na kan tudu daban. In kuwa ka ce “haƙa daidai zurfin waccan”, a kan tudu zai tsaya bai ga ko laima ba. Manhajar ma zaɓi biyun nan take ba ka. A manhajar SolidWorks, in ka kunna Geometry Pattern, siffar ramin farko kawai take kwafa, ba ta sake lissafin inda zai ƙare. A manhajar Fusion, Adjust ne ke sake lissafin kowane kwafi, Identical yana maimaita sakamakon na farko, Optimized kuma fuskokin ramin kawai yake ɗauka, shi ya sa ya fi sauri. Da na zaɓi maimaita sakamakon na farko, ku kalli ɓangaren mai kaurin nan, ramin ya tsaya a tsakiya. Daga sama lafiya lau, sai an je saka noti a gane.

Ni dai shawarata, a bar hanyar saurin sai inda ramukan suke da yawa kuma iri ɗaya, kamar rariyar injin casar shinkafa mai ɗaruruwan huda. Nan kam in ka bar kwamfuta tana lissafa kowanne, musamman tsohuwa irin ta hannun ɗalibai, za ka sha jira.

Sai batun ƙari. Na ɗora ɗan haƙarƙari, wato ɗan tudun ƙarfe mai ƙarfafa shi, a kan farantin, na jera shi sau 4. Duk kwafin da ya taɓa farantin ya narke a cikinsa. Na huɗun ya faɗa waje, yana rataye a iska. Wata manhajar za ta mai da shi jiki na biyu, wata ta ƙi aikin gaba ɗaya. A da, manhajar FreeCAD ta daɗe da wannan ƙa'ida, cewa jiki ɗaya ya zama dunƙule ɗaya a haɗe.

Kwafin jiki sukutum kuwa wani abu ne daban. Kowane kwafi zaman kansa yake, ko da sun shiga cikin juna. Wurin da suka haɗu sau biyu ake ƙirga nauyinsa, har sai ka haɗe su da umarnin Combine. Mai walda da ya sayi ƙarfe bisa wannan lissafi zai biya fiye da abin da yake buƙata.

Wani tarkon kuma: ramuka biyu da gefensu ya taɓa juna daidai, ba su shiga juna ba, ba su rabu ba. SolidWorks za ta ce kaurin wurin sifili ne, ta ƙi. Ƙara tazarar ko da milimita 1, sai ta amsa.

In kana son gyara faɗin ramukan, na farkon za ka taɓa. Na mai da 12 ta koma 14, ga shi duka shidan sun bi. A bidiyo na gaba za mu ga yadda ake tsallake kwafi ɗaya daga cikin jerin, inda bakin bututu ya tare wuri.