Amsoshin Tambayoyinku: Makaɗan da ba a cika sa su a rediyo ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta zo mana ne daga wani bawan Allah a Tudun Wada, nan Kaduna. Ya ce ya samu sabon faifan wasu matasa masu gwama jaz da fonk da afrobit, kiɗan ya shiga ransa, amma bai taɓa jin an sa su a rediyo ba. Wane irin kiɗa ne wannan, in ji shi, kuma me ya sa ba a damu da masu yin sa ba?

To malam, jaz dai baƙar fatar Amurka ne suka fito da shi a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma daɗinsa shi ne mai busa yana ƙirƙirar abin da zai busa nan take. Fonk kuwa mawaƙin Amurka James Brown ne ya ɗaga shi a shekarun 1960. Afrobit namu ne na gida. Fela Kuti da makaɗinsa Tony Allen suka gina shi a Legas, bayan tafiyar da suka yi Amurka a 1969. Ka kasa kunne ga gangar Tony Allen: hannun dama na bugun wani abu, na hagu na bugun wani, ƙafafu biyu kowace da nata, amma babu wanda ke taka wani. Jita na maimaita ɗan gajeren karin kiɗa ba gajiyawa, sai masu ƙaho su faɗo gaba ɗaya, 'yan amshi su karɓa. Duk wanda ya tashi da jin kalangu da amshi ba zai ji baƙon abu a nan ba.

Rashin kulawar kuma, yawanci batun kuɗi ne. Irin wannan ƙungiya takan kai mutum goma ko fiye, kowa da kayan kiɗansa, ga kuɗin mota, ga na wurin gwaji, ga man janareta. Mai biki kuwa DJ ɗaya zai ɗauka ya huta. Waƙarsu ɗaya takan ci minti goma, rediyo kuma ta minti uku take so saboda talla. Wallahi abin yana ci mini rai, domin masu busa da bugu da hannu ƙarewa suke yi, kuma ba a koyon ƙaho a wata guda. Ka turo mana sunan ƙungiyar, malam, za mu nemi faifan.

Sai wata baiwar Allah daga Kawo, tana tambaya ko Arewa ta taɓa yin babbar ƙungiyar makaɗan zamani. Ƙwarai kuwa, Hajiya, a nan Kaduna ma. Marigayi Bala Miller, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 2003, ya haɗa ƙungiyarsa ta Pyramids a shekarun 1970, masu busa reras, suna waƙa da Hausa. Shi ne mai waƙar "Ikon Allah", kuma ya yi shirinsa na kansa a talabijin ta NTA. Ki tambayi manya a gida labarin kulob ɗin Costain, inda ya riƙa yin wasa. Bari mu ji 'yar sanarwa, sannan mu buɗe wasiƙa ta gaba.