Algaitar Turawa da jitar lantarki a dandamali ɗaya

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Sakkwato. Ku duba wanga bidiyo da kyau, wancan mutum da ya rungume salkar fata a hammata shina busa, wato algaitar Turawa, ga mai jitar lantarki a gefenai, ga ganguna na tashi kamar za su tsaga sifiku. Wanga kiɗa a Jamus ya fi ƙarfi, kayan kiɗan Turawa na dauri ne anka haɗa da rok na zamani. Ƙungiya irin In Extremo tun 1995 take wanga aiki a Balin, kuma a bikin Wacken da anka fara 1990 a wani ƙauye na arewacin Jamus, dubban mutane ke cika fili suna tsalle.

To in ka samu kanka a irin wanga taro, me za ka saurara?

Fara da salkar nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Musulmi ranar hawan sallah ya ga yadda mai algaita ke kumbura kumatu, shina jan iska ta hanci shina turawa ta baki, amon bai yankewa ko kaɗan. To aikin da kumatu ke yi nan, shi salka ke yi can, mai busa ya cika ta da iska ya matse da hannu, ko ya tsaya numfashi sauti na nan na tafiya. Kuma akwai bututu guda da ke riƙe da murya ɗaya tak tun farko har ƙarshe, a kanta ne mai jita ke ɗora nashi kiɗa, shi ya sa kake jin abin har cikin ƙirji. Ni wallahi wurin nan ya fi burge ni, don salka ba ta sauya murya yadda aka ga dama, dole mai jita ya saita tsirkiyarshi ya bi ta, wato sabon kaya ne ke biyayya ga tsoho.

Sai wani kayan kiɗa mai kama da akwati da ake juya wa hannu. Dangin goge ne, amma maimakon izga, faifan katako ne da anka shafa wa ƙaro ke gugar tsirkiya, ɗaya hannun na danna maɓallai. Ya tsufa ƙwarai, akwai siffarshi sassaƙe a ƙofar cocin Santiyago ta Sifen tun wajen 1188, mutum biyu na kaɗa guda ɗaya saboda girma.

Amma kada a ruɗe ku, ba komai ne tsoho ba. Salkar da mafi yawan makaɗan nan ke busawa sabon ƙiri ce, a Jamus ta Gabas anka gyara ta don ta yi ƙara a fili.

Wahalar tana wurin mai saita sauti, in ya sake ganguna sunka yi yawa, gogen nan ya nutse, kuɗin tikitinka sun tafi a banza. Don haka kar ka manne wa sifika, tsaya tsakiyar fili kusa da teburin masu saita sauti, nan ne kowane kaya ke fitowa sarai. A bidiyo na gaba za mu ɗauko kukuma da gurmi mu ji yadda suke zama da jita.