Digiri na Uku a Balaga da Koyar da Rubutu: Wa Ya Dace Ya Nema?

Malam: Masu sauraronmu, barkanku da warhaka. A shirin yau za mu tattauna a kan wani fannin karatun gaba da digirin farko da ya fi kafuwa a jami'o'in Amurka, wato balaga da ilimin koyar da rubutu. Malama, a wannan fanni kika yi digirinki na uku, kuma na lura duk wanda ya ji kalmar balaga hankalinsa yakan tafi ga ma'ani da bayani da badi'i, rassan balagar Larabci.

Malama: Akwai dangantaka, Malam, domin littafin Aristotle na balaga an fassara shi zuwa Larabci, har Ibn Rushd ya yi masa sharhi. A cikin littafin, Aristotle ya bayyana cewa mai magana yana shawo kan jama'a da mutuncinsa, da motsa zukatansu, da kuma ƙarfin hujjarsa. Amma ɗaya ɓangaren, wato koyar da rubutu, wanda shi ne ke ciyar da ɗalibi, a aji aka haife shi. A 1885 Jami'ar Harvard ta wajabta darasin rubutu ga 'yan shekarar farko, sauran jami'o'i suka bi sahu, kuma a 1949 malaman da ke koyar da shi suka kafa ƙungiyarsu, CCCC.

Malam: Me kike nufi da cewa shi ke ciyar da ɗalibi?

Malama: Yawancin masu digiri na biyu da na uku a fannin, a jami'o'i irin su Purdue da Ohio State, ana yafe musu kuɗin makaranta a kuma ba su alawus, su kuwa su koyar da wannan darasi na 'yan shekarar farko. Digiri na biyu shekara 2 ne, na uku kuma yakan ɗauki kimanin shekara 5, kuma mutum zai shafe mafi yawansu da tarin rubutun ɗalibai a gabansa. Na tuna zangona na farko, lokacin da na ɗauki takardar wani yaro na cika ta da jan biro tun daga layin farko har ƙarshe, ina ganin na yi aiki. Da ya karɓa sai ya duba makin kawai, ya ninke ta, ya tura a jaka, kuma a rubutunsa na gaba kurakuran nan suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Malam: Ke nan gyaran bai shiga ba.

Malama: Ko kusa. Abin da ya sauya mini tunani shi ne littafin Mina Shaughnessy na 1977, Errors and Expectations, wanda ta rubuta bayan jami'ar birnin New York ta buɗe ƙofarta a 1970 ga duk wanda ya gama sakandare a birnin. Ta nuna cewa kuskuren ɗalibi yana da tsari, akwai wata ƙa'ida da yake bi a ransa, kuma sai malami ya gano ta kafin gyara ya yi amfani. Na kira yaron na ce ya karanta mini jimlolinsa da babbar murya, sai na ji yana dasa aya a duk inda ya tsaya numfashi.

Malam: To, mai sha'awar rubuta waƙa ko ƙagaggen labari fa?

Malama: Shi digirin rubutun ƙirƙira ya kamata ya nema, domin a fanninmu bincike ake yi a kan yadda mutane ke rubutu da yadda ake koya musu, ko a aji, ko a wurin aiki, ko a intanet. Aikin da ke jiran mutum galibi koyarwa ce, ko jagorancin shirin rubutu na jami'a, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin kujerar dindindin ba.

Malam: Wanda ya ji duk wannan bai karaya ba, me zai tanada?

Malama: Samfurin rubutunsa na bincike, da takardar bayyana manufa, da wasiƙun shaida, galibi daga malamai 3, kuma yawancin jami'o'i suna rufe karɓa tsakanin Disamba da Janairu. Kafin ya amsa tayi, ya tambayi aji nawa zai riƙa koyarwa a kowane zango, da ɗalibai nawa ne a kowane aji.