Yadda za ka sa Gnuplot ya yi zane ba tare da ka zauna kana buga masa umarni ba

Jama'a barkanmu da warhaka. Ku dubi allon nan. Na buɗe tagar umarni, na rubuta gnuplot, wato shirin kwamfuta mai mayar da lissafi da alƙaluma zane, ga shi ya tsaya yana jirana. Da na buga plot sin(x), sai wata taga ta buɗe da layi mai hawa da gangara. Haka yake aiki tun 1986 da Thomas Williams da Colin Kelley suka fito da shi: kai ka faɗa, shi ya zana. Af, kada "gnu" ɗin da ke sunansa ya ruɗe ku, ba ɗan gidan GNU ba ne, wato aikin nan na samar da manhajoji masu 'yanci.

To, a ce kana da na'urar auna zafi da ke turo lamba duk daƙiƙa guda. Wa zai zauna yana buga umarni har gari ya waye?

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne, Gnuplot bai damu da wanda ke yi masa magana ba. Duk abin da ya iso ƙofar shigarsa, wadda ake kira stdin, karantawa zai yi, ko daga yatsunka ya fito ko daga wani shiri. Sai mu jona masa bututu, wato alamar | da ke miƙa abin da wani shiri ya fitar zuwa ga wani: echo "plot sin(x)" | gnuplot.

Kun gani? Tagar ta leƙo ta ɓace. Ba lalacewa ya yi ba. Echo ya gama maganarsa, bututu ya rufe, shi kuma Gnuplot ya ga ba sauran umarni, ya tattara ya tafi da tagarsa. Ƙara masa -persist, ko -p a taƙaice, zanen zai tsaya.

Yanzu mu shiga Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, inda ramin yake. Na kira shi da subprocess.Popen, na buɗe bututun, na tura umarni. Shiru. Ba zane, ba ƙorafi. Wannan shirun ya taɓa cinye mini dare guda ina zargin Gnuplot, alhali umarnin ko isa gare shi bai yi ba. Python yana tara abin da ka rubuta a wata 'yar ma'ajiya, kamar direban tasha da ba ya tashi sai mota ta cika. Umarninka fasinja ɗaya ne, yana zaune yana jira. Sai ka kira flush bayan kowane umarni, mota ta tashi ko da mutum ɗaya. Masu rubutu da C kuwa, fflush ne bayan fprintf. Kuma kada a manta da \n a ƙarshen layi, don ita ce madadin danna Enter.

Alƙaluman ma ta bututun za su bi. Ka rubuta plot '-', ka jero lambobin layi-layi, ka rufe da harafin e shi kaɗai. In ka manta da e ɗin nan, zai ci gaba da jiran lambobi.

Idan hoto kake so a fayil, set terminal pngcairo, sannan set output da sunan fayil. Bayan zane ka sake tura set output ba suna, ya rufe fayil ɗin, kafin wani shiri ya ɗauka.

Saura shirye-shirye masu taurin kai, waɗanda ba sa amsawa sai sun ga tagar umarni ta gaske. Don irinsu Don Libes ya ƙirƙiro Expect a 1990. A Python akwai pexpect. Yana kafa musu tagar bogi, ya jira ya ga alamar gnuplot> ta bayyana, sannan ya tura umarni na gaba. Gnuplot dai da wuya ya kai ka can, bututu da flush sun ishe shi. Bari in kunna na'urar zafin nan, ku ga layin yana motsi da kansa.