Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Aka Yi Auren Jinsi Ya Zama Doka a Amurka?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Takardar farko ta fito ne daga wani bawan Allah a Maradi, yana tambaya: "Wace ƙasa ce ta fara halatta auren jinsi, kuma yaya aka yi Amurka ta amince da shi?"

To malam, ƙasar Holan ce ta fara, ranar 1 ga Afrilun 2001. Tun a 1989 Denmark ta ɓullo da tsarin yi wa irin waɗannan mutane rajistar zaman tare, amma ba ta kira shi aure ba.

Na Amurka kuwa sai da aka kai ruwa rana. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata doka da ta ce gwamnatin tarayya ba ta san wani aure ba sai na namiji da mace. A shekarar, binciken jin ra'ayin jama'a na kamfanin Gallup ya nuna kashi 27 cikin 100 na Amurkawa ne kaɗai ke goyon bayan auren jinsi. Jihar Massachusetts ta fara ɗaura shi a 2004 bisa umarnin kotu, jihohi da dama kuma suka maida martani da haramta shi a kundin tsarin mulkinsu.

Shari'o'i biyu ne suka juya lamarin, kuma dukansu a kan mutuwa suka taso. Wata dattijuwa, Edith Windsor, ta zauna da abokiyar zamanta sama da shekara 40, suka yi aure a Kanada a 2007. Da abokiyar ta rasu a 2009 ta bar mata gado, sai aka karɓi harajin sama da dala 363,000 a hannunta, alhali da miji ne ya bar mata, ko sisi ba za ta biya ba. Ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 2013. Shi kuma Jim Obergefell, abokin zamansa na kwance rai kwakwai mutu kwakwai, suka hau jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa jihar Maryland aka ɗaura musu aure a cikin jirgin, saboda jiharsu ta Ohio ta hana. Abin da ya nema a kotu shi ne takardar shaidar mutuwar abokin nasa ta nuna shi ne mijin da aka bari. Ranar 26 ga Yunin 2015 alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce dole kowace jiha ta amince.

Ina ganin nan ne mai kallo daga nesa yake kasa gane rigimar. Masu goyon baya gado suke magana, da haraji, da wanda zai yanke shawara a asibiti. Masu adawa kuwa cewa suke aure ya girmi kowace gwamnati, ginshiƙinsa namiji da mace da haihuwa. Shi kansa alƙalin alƙalai John Roberts bai yarda da hukuncin ba, yana ganin jama'a ne ya kamata su yanke, ba kotu ba.

Sai wata baiwar Allah daga Kumasi, tana so ta san ko ana tilasta wa limamai da fastoci ɗaura irin wannan aure. A'a, Hajiya. Dokar ta shafi auren hukuma ne, kuma Cocin Katolika har gobe ba ya ɗaurawa. Na ma'aikacin gwamnati kuwa daban ne: a 2015 an tsare wata jami'ar rajista a jihar Kentucky, Kim Davis, kwana 5 saboda ta ƙi ba da takardar aure.

Ta kuma tambayi halin da ake ciki a Afirka. Afirka ta Kudu ce kaɗai ta halatta, a 2006, bayan hukuncin kotun tsarin mulkinta. A Najeriya kuwa, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka yi auren, da shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka.